Daga Ɗakin Jego Zuwa Mayen Ƙarfe: Tarihin Neman Yi wa Zuciya Faci

A shekarar 1969 wani likita ɗan yankin Wales na Birtaniya mai suna Eldryd Parry ya sauka Zariya ya kama aikin farfesan likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello. Makarantar likitocin jami'ar sabuwa ce a lokacin, tana koyarwa a asibitoci uku: na Tudun Wadar Zariya, da na Kaduna, da na Malumfashi. Ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba tukuna. Musawa da Malumfashi da Funtuwa da Zariya duk suna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, kuma duk ciwon da ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na ƙauye sai a bi da mai shi ta Malumfashi, in abin ya ƙi a ratsa Funtuwa a dangana da Zariya.

Ba a daɗe ba Parry da abokin aikinsa Neil Davidson suka lura da wani abu a ɗakin mata. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, an ci ƙauri, bayan 'yan makonni sai haki ya kama ta. Ba ta iya kwanciya sai dai ta jingina da bango ta kwana a zaune. Tari da dare, ƙafafu sun kumbura, wani lokaci har ciki da fuska. In aka ɗauki hoton ƙirji sai a ga zuciya ta faɗaɗa. Likitocin Turai da Amurka sun san wannan ciwo, amma a can sai an yi haihuwa dubbai kafin a ga guda. A Zariya kuwa cikin shekara uku Davidson da Parry suka tara mata 224, kuma lissafinsu ya nuna cewa cikin haihuwa ɗari a birnin ana samun kusan guda. Sun kuma ga cewa masu ciwon sun fi tururuwa a watan Yuli, lokacin da damina ta kankama iska ta yi nauyi da laima.

Sai suka bi sawun matan zuwa garuruwansu, suka kuma tambayi ma'aikatan asibitocin jihohin Arewa ko suna ganin irin wannan. Sakamakon ya fito a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1974, kuma sunayen garuruwa biyu ne suka fi fitowa: Zariya da Malumfashi. Wato wannan yanki namu na auduga da dawa, wanda Musawa ke cikinsa, ya shiga littattafan likitancin duniya ta ƙofar ɗakin jego.

Bayanin da suka bayar ya rataya ne a kan abin da kowace uwa a nan ta sani. Mai jego ɗanyen jiki gare ta, kuma babban abin tsoro shi ne sanyi ya shige ta. Don haka ake tafasa ruwa safe da yamma, a tsoma ganye ana fyaɗa mata har a yi arba'in, wasu gidajen ma a zarce. Ana hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta a kai. Ana dama mata kunun kanwa don nono ya kawo, jiki ya yi ƙwari. Likitocin suka ce to ga yadda abin ke aiki: zafi yana buɗe jijiyoyin jinin fata, dole zuciya ta ƙara yawan jinin da take turawa, kanwa kuma cike take da sinadarin sodiyam, irin na gishiri, wanda ke riƙe ruwa a jiki. Ga jinin da ya ƙaru lokacin goyon ciki bai gama raguwa ba. Kaya ya yi wa zuciya yawa, sai ruwa ya koma baya ya taru a huhu da ƙafafu. Da aka ba matan maganin fitar da ruwa ta fitsari da kuma digozin, yawancinsu suka sabe cikin kwanaki. A 1979 John Sanderson da abokan aikinsa a Zariya suka duba zuciyar irin waɗannan mata da na'urar eko, mai ɗaukar hoto da sauti, suka ga cewa da dama daga cikinsu tsokar zuciyar na matsawa da ƙarfinta, ruwa ne dai ya yi yawa. Wannan ya ƙara wa bayanin ƙarfi.

Bayani ne mai daɗin faɗa, shi ya sa ya yi tafiya mai nisa. Shekara da shekaru ɗalibin likitanci a Landan ko Delhi in ya ji sunan Zariya, abin da zai tuna shi ne wanka da kanwa. A ganina an yi wa kakanni da ungozomomi rashin adalci wajen maimaita labarin, don su Davidson ba su ce al'ada kaɗai ce sanadi ba. Cewa suka yi tana ɗora nauyi a kan tsokar da dama tana da rauni. Masu kwafa suka riƙe rabin maganar na farko suka jefar da na biyu, alhali tambayar tana cikin na biyun: me ya raunana tsokar tun farko? Mata ɗari sun yi wanka iri ɗaya, sun sha kunu iri ɗaya, casa'in da tara sun tashi garau.

Amsoshi suka riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. A Yamai, Arnaud Cénac da abokansa suka wallafa a 1992 cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, wanda jiki ke samu daga hatsi gwargwadon yadda yake a ƙasar noma. An riga an san ƙarancinsa na lalata zuciya, don ya taɓa yin ɓarna a gundumar Keshan ta ƙasar Sin. A 1998 Parry da wasu likitocin Zariya suka fitar da sakamakon bibiyar matan nan na farko bayan fiye da shekara ashirin, aka ga hawan jini ya bayyana a jikin da yawa daga cikinsu. A Sakkwato, Simeon Isezuo ya ƙirga mace ɗaya cikin haihuwa 102 a 2007. Daga nan sai babban aikin da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta daga 2017, wanda ya tattara mata 406 daga asibitocin sassan Nijeriya. Fiye da kashi 70 cikin ɗari 'yan Arewa maso Yamma ne, kuma a nan aka sami adadin ɗaya cikin haihuwa 96, mafi yawa da aka sani a duniya. Amma da aka auna su da matan da ba su kamu ba, wankan jego da kunun kanwa ba su fito a matsayin sanadi ba, haka ma zama Bahaushiya ko Bafulatana. Abin da ya fito shi ne rama, da rashin karatun boko, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. A taƙaice, talauci ya fi tukunyar wanka laifi.

Akwai wani adadi a binciken na su Ƙaraye da ya fi kowanne nauyi. Cikin matan da aka bibiya na kimanin shekara ɗaya da rabi, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, kuma waɗanda zuciyarsu ta dawo daidai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran suna nan da zuciya mai rauni, suna shan magani, ana gargaɗinsu a kan sake ɗaukar ciki, a ƙasar da wannan gargaɗin kan iya kashe aure. A nan ne labarin ɗakin jego ya haɗu da wata tsohuwar damuwa ta likitocin duniya: fata na warkewa, ƙashi na ɗoruwa, hanta in aka yanke rabinta tana tofowa, amma tsokar zuciya in ta mutu tabo ne ke maye gurbinta, kuma tabo ba ya bugawa.

An daɗe ana gardama a kan ko zuciya na sabunta ƙwayoyin halittarta ko da kaɗan ne. Abin da ya raba gardamar bam ne. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyet sun yi ta gwada makaman nukiliya a sararin sama. Faransa ma ta fasa nata a Reggane cikin hamadar Aljeriya a 1960, abin da ya sa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta katse hulɗar jakadanci da ita a Janairun 1961. Gwaje-gwajen sun cika iska da wani nau'in kabon da ake kira kabon-14, tsirrai suka shaƙa, mutane suka ci. Bayan yarjejeniyar hana gwajin ta 1963 sai yawansa ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Duk ƙwayar halittar da aka haifa a jiki tana ɗauke da gwargwadon kabon na shekarar da aka haife ta. Olaf Bergmann da Jonas Frisén na Cibiyar Karolinska a Suwidin suka yi amfani da wannan a 2009 suka karanta shekarun ƙwayoyin zuciyar mutane. Suka gano cewa ɗan shekara 25 yana sabunta kusan kashi 1 cikin ɗari a shekara, ɗan 75 kuma ƙasa da rabin haka. Fiye da rabin ƙwayoyin da tsoho zai shiga kabari da su, da su ya zo duniya. Toshewar jijiya guda a zuciya kuwa kan iya kashe ƙwayoyi kusan biliyan ɗaya cikin sa'o'i.

Tun da ba ta tofowa, dabarar farko ita ce a canza ta ɗungurungum. Christiaan Barnard ya yi haka a Cape Town ranar 3 ga Disamba 1967, mara lafiyan ya rayu kwana 18. Aikin ya inganta ƙwarai daga baya, amma kowace zuciyar dashe sai wani ya mutu kafin a same ta, kuma masu jira sun fi masu bayarwa yawa a ko'ina. A Nijeriya an fara tiyatar buɗe zuciya ne a Inugu a Fabrairun 1974, a hannun Fabian Udekwu tare da likitan nan ɗan Masar Magdi Yacoub. Dabara ta biyu ita ce a ɗura sababbin ƙwayoyi da allura. Philippe Menasché ya gwada a Faris a 2000 da ƙwayoyin tsokar cinya. Ba su haɗa baki da tsokar zuciya ba, wasu marasa lafiyan ma bugun zuciyarsu ya rikice. Piero Anversa ya yi shelar cewa ƙwayoyin ɓargo na iya rikiɗa su zama zuciya, aka kwarara kuɗi a bayansa fiye da shekara goma, sai a 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye takardunsa 31 saboda ƙirƙirarrun alƙaluma. Ko inda aka yi aikin da gaskiya, matsala ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: ƙwayoyin da aka ɗura cikin tsokar da ke matsawa sau dubu ɗari a rana, mafi yawansu wankewa suke yi su bi jini ko su mutu.

Sai tunani ya koma ga wata hanya da ta girme su duka, wato raina naman zuciya a kwano. Tun wajajen 1912 Montrose Burrows ya ga ƙwayoyin zuciyar ɗan tsakon da ke cikin ƙwai suna bugawa da kansu a cikin kwanon gilas. Maigidansa a Cibiyar Rockefeller, Alexis Carrel, ya ajiye wani yanki na irin wannan zuciya da aka ce ya rayu har 1946, bayan mutuwar shi Carrel ɗin da shekara biyu. Daga baya masana suka yi zargin cewa ruwan ɗan tayin kazar da ake ciyar da naman da shi ne ke shigo da sababbin ƙwayoyi ba a sani ba. Amma abin da Burrows ya gani gaskiya ne: ƙwayar zuciya ba ta jiran umarnin ƙwaƙwalwa. A 1997 Thomas Eschenhagen na Hamburg ya cuɗa irin waɗannan ƙwayoyi da kolajin, wato furotin mai danƙo da ke riƙe naman jiki, ya bar haɗin ya daskare tsakanin sanduna biyu, sai ga ɗan ziri na nama yana matsawa yana saki, har ana iya auna ƙarfinsa. Saura inda za a samo ƙwayoyin mutum. Shinya Yamanaka na Kyoto ya warware wannan a 2006 a ɓeraye, a 2007 a mutane: da ƙwayoyin gado huɗu kacal ya mayar da ƙwayar fatar baligi yarinya ɗanya, wadda za a iya lallaɓa ta zama kowane irin nama. An ba shi lambar Nobel a 2012. Ga mai kula da halal da haram wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, don ya kawar da buƙatar lalata ɗan tayi kafin a samo irin waɗannan ƙwayoyi.

Da aka sami ƙwayoyi sai aka tarar da cewa ƙwayoyi ba su ne zuciya ba. Kowace tsohuwa a Musawa da ta taɓa riƙe mazari ta san bambancin: buhun auduga ba zane ba ne. Sai an gurje, an shiɓe, an kaɗa silin sun miƙe sun bi hanya ɗaya, sannan masaƙi ya ja zare a tsaye ya jefa abawa a kwance. Tsokar zuciya ma saƙa ce, kuma saƙa ce mai wuyar sha'ani. Richard Lower ya bayyana tun 1669 cewa zaruruwanta a murɗe suke. A 1969 Daniel Streeter ya auna su, ya ga cewa daga cikin bangon zuciya zuwa wajensa zaruruwan na juyawa a hankali, na ciki sun karkata wajen digiri 60 zuwa wani ɓangare, na tsakiya sun kewaye, na waje sun karkata digiri 60 zuwa ɗaya ɓangaren. A wannan shekarar Edward Sallin ya yi lissafin amfanin haka. Kowace ƙwaya ba ta iya tsukewa fiye da kashi 15 cikin ɗari na tsawonta. In da duk zaruruwan kewaye suka yi, da zuciya ba za ta fitar da fiye da kashi 30 na jinin da ke cikinta ba a kowane bugu. Murɗin ne ke sa ta fitar da kusan kashi 60. Likitan da ke duba mai jego da na'urar eko wannan adadin yake nema. In ya faɗi ƙasa da 45 ya san tsoka ta yi rauni.

Ba ƙarfi kaɗai ba ne. Saƙon lantarkin da ke umartar kowace ƙwaya ta tsuke yana gudu da sauri a tsawon zare fiye da a faɗinsa. Facin da ƙwayoyinsa suka watse kowace ta fuskanci gabanta zai ja da rauni, kuma yana iya sa saƙon ya ɓata hanya ya riƙa zagaye wuri ɗaya, wanda shi ne rikicewar bugu mai kisa. An gwada dabaru iri-iri don jera su: a ja naman da inji, a riƙa ɗana masa lantarki kamar yadda Milica Radisic da Gordana Vunjak-Novakovic suka yi a 2004, a zana ƙananan kwari a ƙasan kwano, ko a wanke zuciyar ɓera da sabulu har ƙwayoyinta su fita a zuba sababbi a cikin kwarangwal ɗin, kamar yadda Harald Ott da Doris Taylor suka yi a Minnesota a 2008. Kowace ta yi aiki gwargwado, amma kusan dukkansu sai an taɓa naman, ko an gina masa firam.

Maganaɗisu ba ya taɓawa. Yaran da ke ɗaure mayen ƙarfen tsohuwar lasifika a igiya suna ja cikin yashin rafi sun san baƙin garin da ke manne masa. Yawancinsa ma'adinin maganetait ne, haɗin ƙarfe da iskar oksijin, ɗan'uwan tsatsa. In aka sarrafa wannan ma'adini ya zama ƙwayoyi masu faɗin nanomita 10 zuwa 20, halinsa na canzawa. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma silin gashin kai ya kai dubbai masu yawa. A wannan ƙanƙanta ƙwayar ba ta riƙe maganaɗisu da kanta. In aka kawo mayen ƙarfe kusa sai ta amsa ta bi shi, in aka ɗauke sai ta koma kamar ba ta taɓa saninsa ba. Wannan shi ne sirrin amfaninta a jiki, don in da tana riƙewa da ƙwayoyin sun manne wa juna sun dunƙule sun toshe hanya. Halittu ma sun riga mutum: a 1975 Richard Blakemore ya ga wasu ƙwayoyin bakteriya na laka a Massachusetts suna ninƙaya duk zuwa arewa, aka buɗe su aka ga jerin ƙananan duwatsun ƙarfe a cikinsu. Kuma jikin mutum ya san yadda zai yi da ƙarfe. Tun 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata allurar irin wannan gari don maganin ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda.

Masu binciken Jami'ar Nagoya a Japan ne suka fara mayar da abin sana'a. Akira Ito da Hiroyuki Honda da abokansu suna amfani da garin ne da farko don dumama ƙarin daji ya mutu. Da ma suna lulluɓe shi da kitse mai cajin lantarki wanda ke sa ƙwayar halitta ta haɗiye shi, sai suka ciyar da ƙwayoyi da shi a kwano, suka ɗora kwanon a kan mayen ƙarfe. Ƙwayoyin suka sauko suka danne juna hawa-hawa, suka manne suka zama shimfiɗa. Sun fara da ƙwayoyin fata a 2004, a 2007 kuma suka yi da ƙwayoyin zuciyar jariran ɓeraye, suka nuna cewa saƙon lantarki na ratsa shimfiɗar. In aka zo ɗauka ba sai an kankare ba: a cire maganaɗisun ƙasa, a kawo wani ta sama, shimfiɗar ta taso. A 2010 Glauco Souza da abokansa a Houston suka juya dabarar, suka sa maganaɗisu a saman kwano, ƙwayoyin suka taso suka rataya a cikin ruwa suna haɗuwa da juna ta kowane gefe.

Aikin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Claire Wilhelm a Faris, wanda aka wallafa a 2017. Ta ciyar da ƙwayoyin asali na ɓera da garin ƙarfe, ta tara su suka zama ɗan curi a bakin wani siririn maganaɗisu, ta kawo na biyu ta ɗaya gefen. Curin ya maƙale a tsakani. Sai ta riƙa matsar da ɗayan gaba da baya, curin na miƙewa yana komawa, kwatankwacin yadda zuciya ke yi. Ƙwayoyin da ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba sai suka karkata zuwa hanyar zama tsokar zuciya. Wato ja da saki kansa saƙo ne da ƙwaya ke ji, ba sinadari kaɗai ba.

Daga nan sai Kwalejin Imperial ta Landan, inda Magdi Yacoub ɗin nan na tiyatar Inugu ya yi shekaru yana farfesa. A 2020 Limor Zwi-Dantsis da Molly Stevens da Cesare Terracciano da abokansu suka ɗauki ƙwayoyin zuciyar mutum da aka samar ta hanyar Yamanaka, suka sa musu garin ƙarfe, suka zuba su cikin kolajin tun yana ruwa. Kafin ya daskare sai suka kawo mayen ƙarfe na ɗan lokaci. Ƙwayoyin suka bi layin ƙarfin maganaɗisun suka jeru, kolajin ya daskare ya kama su a inda suke, aka ɗauke maganaɗisun. In aka canza siffarsa ko wurin ajiye shi sai jerin ya canza. Babu firam, babu inji, kuma kayan aikin ba su da tsada. Naman ya rayu yana bugawa. Da suka liƙa shi a zuciyar ɓeraye bai rikita bugunsu ba, kuma da yake ƙarfe na fitowa baƙi a hoton MRI, ana iya ganin inda facin yake ba tare da an sake buɗe ƙirji ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an gama. Ƙarfin maganaɗisu na faɗuwa da sauri da zarar an ɗan matsa daga jikinsa, don haka jera ƙwayoyi a cikin kwano abu ne, jera su a cikin ƙirjin mutum abu ne daban. Layin da maganaɗisu ɗaya ke zanawa bai kai murɗin da Streeter ya auna ba. Iskar oksijin ba ta ratsa nama fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita in babu jijiyar jini, ga shi bangon zuciya ya kai santimita ɗaya. Faci mai kauri cikinsa mutuwa yake yi. Ƙwayoyin da aka raina a kwano sun fi kama da na ɗan tayi fiye da na baligi. Shi kansa ƙarfen sai an yi hattara, don in ya taru a tsokar zuciya guba ne, kamar yadda ake gani ga waɗanda aka yi wa ƙarin jini sau da yawa.

Facin da ya fara isa jikin mutum ma ba na maganaɗisu ba ne. Yoshiki Sawa ya liƙa shimfiɗar ƙwayoyi a zuciyar wani mara lafiya a Osaka a Janairun 2020. A Jamus, Wolfram Zimmermann, wanda ya fito daga ɗakin binciken Eschenhagen, ya fara gwaji a Göttingen a 2021 da faci mai ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyi. Ɗaya daga cikin marasa lafiyan, mace 'yar shekara 46, ta sami zuciyar dashe wata uku bayan an yi mata facin, don haka aka sami damar duba tsohuwar zuciyar da idon madubi. Rahoton da ya fito a Janairun 2025 ya ce ƙwayoyin sun rayu, jijiyoyin jini sun shige su. Amma da yake daga jikin wani aka samo su, sai da maganin danne garkuwar jiki kullum, da duk haɗarin da ke tare da shi.

Ga mai jegon da ke haki a wani ƙauyen Musawa yau, babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai kai mata. Abin da zai cece ta awon ciki ne da ake auna hawan jini, da abinci, da ma'aikacin lafiyar da zai gane kumburin ya tura ta a yi mata eko da wuri, da ƙwayoyin magani masu araha da ba sa yankewa. Ciwonta ma ba tabo ne a wuri ɗaya ba da za a rufe. Rauni ne da ya game bangon duka. Inda nake ganin naman kwano zai fara yi mata amfani shi ne wajen tambayar da aka bari tun zamanin Parry. A 2016 James Ware da abokansa suka gano cewa kusan ɗaya cikin goma na matan da suka bincika suna da naƙasa a ƙwayar gadon taitin, wani dogon furotin da ke cikin kowace ƙwayar tsoka. Shekara ɗaya kafin nan Travis Hinson a Boston ya raina ɗan zirin zuciya daga ƙwayoyin masu irin wannan naƙasa, ya auna, ya ga ja ɗinsa bai kai na lafiyayyu ba. A Hannover kuma Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna tun 2007 cewa sinadarin da ke kawo nono kan tsage ya bar wani gutsure mai lalata jijiyoyin zuciya.

Duk waɗannan ana iya gwada su a kwano ɗaya. A ɗebi jinin matar da ta kamu da na 'yar'uwarta da ta haihu lafiya a gida ɗaya, a mayar da ƙwayoyin baya, a raina ziri biyu, a jera su da maganaɗisu iri ɗaya don kada bambancin saƙa ya ɓata awo. A rage wa ruwan rainonsu seleniyam, a zuba gutsuren sinadarin nono, a ƙara musu ja, a ga wanne zai fara sarewa kuma a kan me. Yawancin ƙwayoyin da ke ajiye a ɗakunan binciken duniya daga jikin Turawa aka samo su, marasa lafiyan kuwa a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi suka fi yawa. Mayen ƙarfe da kolajin ba su ne masu tsada a wannan aiki ba. Mai tsadar shi ne ruwan rainon da ake sayowa da dala, da akwatin da zai riƙe ƙwayoyin a zafin digiri 37 dare da rana har tsawon watanni ba tare da wuta ta ɗauke ba.